Kuɗin reshen ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe a Amurka: abin da masana suka tsayar

A wata tattaunawa da masana suka yi kan yadda reshen ƙungiya zai sarrafa kuɗinsa, mahalarta sun fi daɗewa a kan gudummawar da reshe ke bayarwa. Shawararsu ita ce kada a fitar da ko kwabo sai an kawo buƙatar a taron mambobi, an kaɗa ƙuri'a, sakatare ya rubuta adadin da sunan mai karɓa. Matsala takan taso ne idan shugaba ya yi alkawari da baki, daga baya masu binciken asusu su nemi takarda su rasa. Kuɗin da ake cira daga albashin mambobi kuwa haramun ne a ba ɗan takarar kujerar tarayya. Wannan sai daga asusun siyasa na sa-kai.

Dokar tarayya ta 1959 kan ƙungiyoyin ƙwadago ta wajabta miƙa rahoton kuɗi ga Ma'aikatar Ƙwadago cikin kwana 90 bayan ƙarewar shekarar kuɗi. Reshen da ya karɓi dala 250,000 ko fiye a shekara zai cika fom LM-2, wato takardar cikakken rahoton kuɗi. A adana rasit shekara biyar, kuma bashin da ake ba jami'in ƙungiya kada ya wuce dala 2,000.

Batun ciniki da kamfani kan albashi da sharuɗɗan aiki, a aika wa kamfanin sanarwa a rubuce kwana 60 kafin yarjejeniyar da ke tsakaninsu ta ƙare. Yajin aiki a cikin wannan wa'adin na iya raba ma'aikaci da kariyar doka.