Jan wutar lantarki a cikin kai bayan rage maganin damuwa: me ke kawo shi?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ni a kan venlafaxine saboda ciwon damuwa da fargaba, kuma alhamdu lillahi na samu sauƙi har muka fara rage maganin. Sai dai tun da aka rage nake jin wani abu kamar wutar lantarki ta ja ni a cikin kai. Ba ya wuce ƙiftawar ido, amma yakan zo da jiri da wani ɗan kuwwa a kunne, kuma ya fi zuwa idan na waiga da sauri, musamman lokacin sallame salla. Surukata ta ce a kai ni wajen mai ruƙiyya, maigidana kuma yana tsoron kada ya zama farfaɗiya ce. Ko akwai wanda ya san wannan abu, kuma yaya ake jure masa?

Mai Harhaɗa Magunguna:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika bayyana sanannen abu ne ga masu shan magungunan damuwa da ke aiki a kan serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, kuma yakan bayyana ne idan yawan maganin ya faɗi a cikin jini farat ɗaya, ko don an rage shi da yawa a lokaci guda, ko don an tsallake sha. Venlafaxine na cikin waɗanda suka fi kawo shi, domin cikin kimanin awa 5 rabinsa ya bar jini, shi ya sa wasu ke jin alamar ko da sun makara ne kawai wajen sha. Paroxetine ma yana cikin masu yawan kawo shi, alhali fluoxetine yakan ɗauki kwanaki kafin rabinsa ya fita, don haka matsalar ba ta cika zuwa da shi ba.

Har yau masana ba su kai ga tantance ainihin abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa a wannan lokaci ba, amma an lura cewa juya ido gefe da gefe yana tayar da shi, kamar yadda kika gani da kanki, kuma ba a samu shaidar cewa yana lalata ƙwaƙwalwa ba. Shawarata ita ce ki koma wajen likitanki ba tare da jiran ranar da ya ba ki ba. Sau da yawa akan mayar da mutum kan adadin da ya ji daɗinsa na ƙarshe, sannan a sake ragewa kaɗan-kaɗan, ana ƙanƙanta ragin yayin da ake kusantar ƙarshe, domin matakan ƙarshe su ne suka fi wuya. A 2019 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin ba da magani a Ingila, ta gyara jagorarta, ta amince cewa alamomin barin waɗannan magunguna na iya yin tsanani su kuma daɗe ga wasu mutane, ba mako ɗaya ko biyu kawai ba kamar yadda ake faɗa a da. Kada kuma ki daka ko ki tauna kafso mai sakin magani a hankali don ki raba shi da kanki.

Yayanku na Zariya:

Ƙanwata, na sha wannan wahala da paroxetine, kuma abin da ya fi damuna a lokacin shi ne rashin wanda zai fahimci abin da nake faɗa. Abin da ya taimake ni shi ne ɗaure shan maganin da lokaci guda, wato bayan sallar asuba, da sayen wani tun kafin na hannuna ya ƙare, domin ba kowane kemis ne ke ajiye shi ba. Na daina hawa babur har abin ya lafa, kuma idan zan waiga nakan juya kai gaba ɗaya a hankali maimakon in wurga ido. Ranar da ban samu isasshen barci ba kuwa, ya fi yawa. Game da maganar surukarki, addu'a ba ta hana magani, amma kada ki yarda wani ya ce ki ajiye ƙwayoyin gaba ɗaya a rana guda.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina so in ƙara abu guda saboda tsoron da maigidanki yake yi. Wannan jan wutar ba ya gusar da hankali, mutum yana sane da duk abin da ke kewaye da shi. Idan kuwa aka samu suma, ko jijjiga, ko shanyewar ɓarin jiki, ko karkacewar baki, ko tunanin hallaka kai, to a garzaya asibiti nan take. Ki kuma sanar da likita duk wani magani da kike sha, musamman tramadol, domin shi ma yana taɓa serotonin, haɗa shi da venlafaxine na da haɗari, kuma masu barinsa kwatsam sukan ji irin wannan jan wutar. Idan azumi ya ƙarato, ki zauna da likita tun da wuri ku tsara ko da sahur za ki riƙa sha ko bayan buɗa baki.