Idan mai zane ya mutu, a ci gaba da labarinsa ko a bar shi haka?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar littattafan zane, waɗanda mu a nan Damagaram muka saba ce wa bede tun muna lakwal. Har gobe ana fitar da sabon Astérix, alhali mutum biyun da suka ƙirƙiro shi duk sun mutu. Tintin kuwa tun da mai shi ya mutu ba a ƙara sabon labari ko ɗaya ba. Me ya raba su, doka ce ko ra'ayin magada? Kuma a ganinku wanne ne daidai, a ba wani ya ɗora ko a bar abin inda mai shi ya ajiye alƙalami?

Malam Mai Tawada:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a zo ga daidai ko kuskure, sai an san abin da ake gada. A dokar Faransa da ta Beljik, haƙƙin mai fasaha kashi biyu ne. Akwai na kuɗi, wato ikon bugawa da sayarwa, wanda ake iya sayar da shi, kuma yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Akwai kuma na mutuncin aikin, wato ikon hana a ɓata shi ko a jingina wa mutum abin da bai yi ba. Wannan ba a sayar da shi, magada ne ke riƙe da shi.

Hergé ya fara Tintin a 1929, ya mutu a watan Maris 1983, kuma tun yana raye ya faɗa fili cewa ba ya so wani ya ci gaba da shi. Ya bar labari na 24 bai gama ba. Bob de Moor, babban mataimakinsa, ya iya hannunsa sosai, ya kuma so ya ƙarasa, amma matar marigayin ta tsaya kan maganar mijinta. A 1986 aka buga zanen fensirin yadda yake, babu tawada, babu launi, labarin ya yanke a tsakiya. A Turai sai 2054 wannan ƙofa za ta buɗe ga kowa.

Astérix daban ne domin tun farko, a 1959, aikin mutum biyu ne: Goscinny na rubuta labari, Uderzo na zane. Goscinny ya mutu a 1977, Uderzo ya ci gaba shi kaɗai, daga baya kuma da bakinsa ya yarda a miƙa wa wasu. Ferri da Conrad suka fitar da nasu na farko a 2013, yana raye, yana duba aikin. Sai a 2020 ya mutu. Akwai kuma nau'i na uku, irin Spirou, wanda tun da wuri ya zama mallakar kamfanin buga littattafai na Dupuis, masu zane ke karɓar sa hannu zuwa hannu. Franquin ma da ya ɗaukaka shi daga 1946 gado ya yi, ba shi ya haife shi ba.

Hajiya Uwar Ɗalibai:

Malam ya kawo doka tsaf. Ni a kan aikin kansa zan tsaya, kuma ra'ayina shi ne yawancin ci gaban nan bai kamata a yi shi ba.

Mutane na ɗauka wahalar a zane take. A'a, zane shi ya fi sauƙin kwaikwayo. Mai hannu zai zauna wata da watanni yana bin tsayin jiki da kaurin layi da yadda ake lanƙwasa hanci har ya iya. Abin da ba ya kwaikwayuwa shi ne yankan labari. Littafin Astérix shafi 44 ne na zane, kowane shafi an raba shi rabi biyu, kowane rabi layi biyu na gidaje. Marubuci ne ke yanke inda abin dariya zai faɗo, da gidan da za a bari babu magana don mai karatu ya numfasa, da abin da zai ajiye a gidan ƙarshe na shafi don hannunka ya juya takarda. Idan aka jinkirta maganar da gida ɗaya kawai, dariyar ta huce.

Shaida kuwa tana cikin Astérix ɗin kansa. Littafi 24 na farko Goscinny ya rubuta su. Daga 1980 zuwa 2005 Uderzo ya yi takwas shi kaɗai. Zanen bai ragu ba, wani wurin ma ya ƙara kyau, domin hannun asali ne. Amma labarin ya yi ta sassautawa, har a na 2005 aka shigo da halittu daga sararin samaniya cikin ƙauyen, masu karatu da yawa suka ƙi shi. To idan wanda suka ƙirƙiri abin tare bai iya cike gurbin abokinsa ba, yaya baƙo?

Matsala ta biyu tsoro ce. Mai asali yana da ikon sauya ɗansa. Morris ya cire wa Lucky Luke taba daga baki a 1983 ya sa masa tsinken ciyawa, ba wanda ya isa ya ce masa don me. Magaji ba ya da wannan ƙarfin hali. Sai ya koma lissafa abubuwan da aka saba, kamar a Astérix: a nutsar da jirgin ƴan fashin teku, a daki sojojin Rum, a ɗaure mawaƙi a walimar ƙarshe. Komai na nan, amma ka san shafi na gaba tun kafin ka buɗe. Shi ya sa nake girmama shawarar Schulz, mai Peanuts na Amurka. Shekara kusan 50 yana zana shi da hannunsa, ya ce ba mai gadon sa. Ya mutu ran 12 ga Fabrairu 2000, washegari zanensa na ban kwana ya fito a jaridu.

Baban Ummi, Zengu:

Hajiya, a gafarce ni, ban bi ki duka ba. Ƙarasa aikin wanda ya rasu ba baƙon abu ba ne gare mu. Ba ina haɗa su a daraja ba, Allah ya kiyaye, amma Jalalaini da ake karantawa a tafsirin azumi mutum biyu suka yi shi. Al-Mahalli ya yi daga Kahfi zuwa ƙarshe da Fatiha, ya rasu, Suyuɗi ya cike sauran a kan salonsa. Abin da ya sa aka karɓa shi ne ba a ɓoye ba, kowa ya san inda hannun wannan ya tsaya da inda na wancan ya fara. Haka ɗan baduku ke gaje rumfar ubansa, ya riƙe irin ɗinkin gidan, amma ba ya cewa tsohon ne ya ɗinka.

Abin dubawa a wurina shi ne inda ran labarin yake. Wani labarin ransa na cikin mai shi, kamar Peanuts, wanda damuwar Schulz ce da tunaninsa a bakin yara. Wannan a bar shi. Wani kuwa ransa na cikin duniyar da aka gina, da dokokinta da mutanenta, kuma wannan yana ɗaukar sabon hannu. Jacobs, mai Blake da Mortimer, ya mutu a 1987 ya bar kashi na biyu na labarinsa na ƙarshe a rubuce da ɗanyen zane. Bob de Moor ɗin nan ya ƙarasa, aka buga a 1990. Da aka farfaɗo da jerin a 1996, Van Hamme da Ted Benoit suka mayar da labarin shekarun 1950, zamanin da ya fi dacewa da mutanen, maimakon su jawo su cikin duniyar kwamfuta. Ya karɓu, ya kuma sa sabbin masu karatu suka koma neman tsofaffin. Wannan amfanin Hajiya ba ta ambata ba: jerin da ba ya fitar da sabo yana ɓacewa daga kantin littattafai a hankali, yara su daina jin sunansa.

Idan za a yi, sai a fara da neman maganar marigayin, a rubuce ko a hira. In ya hana, magana ta ƙare. In bai hana ba, a tattara takardun siffa na kowane mutum a labarin, gaba da gefe da baya, da yadda yake magana, da abin da ba zai taɓa yi ba. A gwada masu zane da shafi biyu ko uku na labari ɗaya, a kwatanta, kada a zaɓa da hoto guda. A nemi marubuci dabam, kada a ɗora wa mai zane aiki biyu. Sunan sababbin ya fito a bango ƙarara, na marigayin a matsayin wanda ya ƙirƙira. Kuma kada kamfani ya tsayar da ranar fitarwa kafin labari ya nuna, nan ne kuɗi ke shiga gaban aiki.

Ɗan Birni:

Na gode, iyayena. To idan mai shi ya ce ba ya so da baki, amma ya sa hannu a takardar da ta ba da dama fa?

Malam Mai Tawada:

Wannan shi ne ainihin rikicin Gaston Lagaffe, jerin zanen da Franquin ya ƙirƙira. Franquin ya mutu a 1997, kuma ya sha nuna cewa ba ya son Gaston ya rayu a hannun wani. Sai dai ya riga ya sayar da haƙƙin kuɗi, wanda ya koma hannun Dupuis a 2013. A 2022 kamfanin ya sanar da sabon littafi da zanen Delaf, ɗan Kanada. Ƴar marigayin, Isabelle, ta ƙalubalanci abin da haƙƙin mutuncin aikin ubanta. Mai sasantawa ya yanke a 2023 cewa kamfani na iya bugawa, da sharaɗin ya riƙa nuna mata aikin tukuna, ita kuma tana da ikon ƙi idan ta kawo hujja. Littafin ya fito a Nuwamba na shekarar.

Matasanmu masu zane a Zinder da Yamai su lura da nan, musamman masu yi wa ƙungiyoyi da jaridu aiki. Kafin ka sa hannu, duba ko shafukan da ka zana kawai ka sayar ko har da mutumin da ka ƙirƙira, domin abu biyu ne. A rubuta ko an yarda wani ya zana shi bayanka, da wanda zai duba aikin, da kason magada. Idan ku biyu ne, marubuci da mai zane, a rubuta abin da wanda ya rage zai iya yi shi kaɗai. Zanen asali na takarda kuma ka riƙe abinka, hoton sa kawai za ka ba mai bugawa.