Laifin banka a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: doka ce ta sauya ko alƙalai?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun lokacin da ɗan Najeriya Udoka Azubuike ya shiga ƙungiyar Jami'ar Kansas nake hana idona barci don kallon wasannin jami'o'in Amurka, kuma akwai hukuncin da har yau yake min yawo a rai. Wasan Kansas da Duke ne na 2018, wanda ya ci zai shiga sahun huɗun ƙarshe. Ana cikin ƙarin lokaci Malik Newman na Kansas ya kutso da ƙwallo, Wendell Carter na Duke ya tsaya masa a gaba, suka yi karo. Alƙali ya ce Carter ne ya tare hanya, laifinsa na biyar ke nan, ya fita. Kansas ta ci 85 da 81. Ni ɗan Kansas ne, na yi murna, amma a idona Carter ya riga shi isa wurin. Ga shi yanzu ba a cika busa wa mai ƙwallo laifin banka, wato banke mai tsaro, kamar da ba. Masana, me ake dubawa ne?

Malam Koci:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da alƙali yake tambayar kansa ɗaya ne: wa ya riga mallakar wurin? Idan mai tsaro ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa yana fuskantar mai ƙwallo, ya samu matsayi. Daga nan yana iya ja da baya ko ya matsa gefe, ba dole sai ya ƙame kamar turke ba, duk da 'yan kallo kan yi ta ihun ai yana motsi. Abin da aka hana shi ne ya yi gaba ya shiga jikin mai zuwa.

Dokar kuwa ta sauya. A zamanin wasan da kake magana, ya isa mutum ya tsaya kafin mai ƙwallo ya bar ƙasa. Daga kakar 2023 aka ce a'a, sai ya riga ya tsaya tun kafin mai ƙwallo ya dasa ƙafar da zai yi tsalle da ita. Tazarar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma ita ce ta rage bushe-bushen da ka lura da su. Sai kuma rabin da'irar nan da ke ƙarƙashin kwando. A 2011 aka zana ta da ƙafa 3, a 2015 aka faɗaɗa ta zuwa ƙafa 4. Wanda ya baro mutuminsa ya zo kai ɗauki, in dunduniyarsa ta taɓa layin, ko da an kwantar da shi laifin nasa ne.

Gajere Mai Lamba Huɗu:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni dokar 2023 ba ta min daɗi ba. Ni gajere ne, ban taɓa doke ƙwallon kowa a sama ba. Makamina shi ne in karanta inda dogo zai bi, in riga shi, in haɗe hannuwa, in miƙa masa ƙirji. A filin siminti muke wasa, har yau akwai tabo a gwiwar hannuna ta dama. Abin da ya sa nake son Shane Battier ke nan, wanda ya ci kofi da Duke a 2001. Busa ɗaya, ƙwallo ta dawo hannunku, babu jifan kyauta, gwaninsu kuma ya ƙara laifi cikin biyar ɗin da yake da su. Wannan ma ai ƙwarewa ce.

Malam Koci:
Ƙwarewa ce, ban musa maka ba, kuma ba a hana ta ba. Wanda ya riga zuwa har gobe ana ba shi gaskiyarsa. Wanda aka kora shi ne mai sulalowa ƙarƙashin mutumin da ya riga ya ɗauki niyyar tashi. Na taɓa ɗaukar yarona ɗaya daga ƙasa bayan irin wannan karo, ya sauko a kan ƙugu, ya fi wata guda yana ɗingishi. Mutum in yana sama ba shi da birki.

Yaya Hauwa:
Kada ku manta da masu faɗuwar ƙarya, su ne suka ɓata abin. Kafaɗa ta ɗan goge mutum sai ya zube yana shure-shure. Tun 2022, a wasan maza, alƙali yana iya hukunta wannan nan take ba gargaɗi, a ba abokan hamayya jifa ɗaya. Daga 2025 kuma koci yana iya neman a duba bidiyo ko ƙafar mai kai ɗauki tana cikin da'irar. Amma batun wa ya riga wa, yana nan a idon alƙalai ukun da ke fili.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Malam da Yaya. Ashe ƙirjin Carter da faɗuwarsa nake ta kallo duk shekarun nan. Yau da dare zan sake nemo wasan, in rage gudun bidiyon, in sa ido a kan ƙafar Newman.