Neman kalmar Hausa: me za mu kira aikin ceton cikin haƙori idan ruɓewa ta yi nisa?

Malamai da 'yan uwa, kalmar da ke gabanmu a wannan karon ita ce wadda likitocin haƙori ke kira "pulp capping" da Turanci, takwarorinsu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci kuma suke cewa "coiffage pulpaire". Shawarwarin da aka kawo zuwa yanzu sun haɗa da hular haƙori, murfin jijiya, toshe totuwa, rufin ɓargo da garkuwar ɓargo. Ni dai ina goyon bayan a ce liƙin ɓargon haƙori, kuma zan kawo dalilaina daga yadda ake yin aikin da kansa, domin fassarar da ta bi kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya za ta kai mai ciwo ga fahimtar wani aiki dabam.

Haƙori hawa uku ne. Akwai ɓawon waje mai ƙyalli, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, sai ƙashin haƙori da ke ƙarƙashinsa mai cike da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, sannan a can tsakiya akwai ɗan ɗaki da ke ɗauke da nama mai laushi, wanda jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suka ratsa. A gefen wannan naman ne ƙwayoyin halittar da ke gina ƙashin haƙori suke jere, kuma muddin yana raye suna iya ƙara gini daga ciki. Abin da mutanenmu ke kira tsutsar haƙori ƙwayoyin cuta ne da ke cin ragowar sukari a baki suna fitar da tsami, tsamin kuma yana narkar da ɓawon, ya shiga ƙashin, har kogon ya kusanci wannan ɗakin ko ya ɓula shi. A nan ne likita ke da zaɓi: ko ya cire haƙorin, ko ya kwashe naman cikin gaba ɗaya ya cike saiwar, ko kuma, idan naman bai lalace ba, ya share ruɓar, ya sa magani a kan wurin, ya rufe shi ruf domin naman ya warke ya gina sabon bango. Wannan zaɓi na uku shi ne muke nema wa suna.

Mu fara da sunan naman cikin. Wanda ya kawo totuwa ya yi kyakkyawan tunani, domin totuwar kara ita ce abu mai laushi da ke cikin abu mai tauri, kuma kalmar Turancin ta fito ne daga Latin inda take nufin tsoka ko naman 'ya'yan itace. Sai dai totuwa a kunnen Bahaushe busasshen abu ne marar amfani, wanda yara ke wasa da shi bayan kaka, alhali dukkan hikimar wannan aiki ita ce abin da ke ciki rayayye ne kuma ana son ya ci gaba da rayuwa. Larabawa suna cewa lubbu, wato tsakiyar abu da ainihinsa, amma kalmar ba ta zauna a bakin talaka ba.

Jijiya ce ta fi ƙarfi a cikin masu takara, saboda ita ce mutane ke faɗa a asibiti: ciwon ya kai jijiya, za a kashe jijiya, an cire jijiya. Wannan sabon da aka yi da ita shi ne kuma matsalarta, domin an riga an ɗaure ta da aikin kwashe cikin saiwa, wanda shi ne kishiyar aikin da muke magana a kai. Bayan haka, jijiya a Hausa tana ɗaukar kaya da yawa, tun daga hanyar jini da igiyar jin zafi da agara har zuwa saiwar bishiya, don haka mai jin murfin jijiya zai iya ɗauka can ƙasan saiwa za a yi aikin. Ɓargo kuwa kowa ya san shi, ya san yana cikin ƙashi, ya san mai laushi ne kuma mai rai, har ma idan sanyi ko ciwo ya tsananta mukan ce ya shiga har ɓargo. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar lafiya ta yi gyara cewa ɓargon ƙashi yana ƙera jini, na haƙori kuwa ba ya yi, kuma haƙori ba ƙashi ba ne a ilimin likitanci. Gyaranki daidai ne, Malama, amma kalmar aro daga cikin gida ba sai ta dace ta kowace fuska ba, kuma da zarar an ce ɓargon haƙori an raba shi da na ƙashi.

Rabin na biyu na kalmar ne ya fi buƙatar natsuwa. Hula da murfi su ne fassarar kai-tsaye, kuma su ne ya kamata mu fara ajiyewa, saboda Bahaushen da ya ji an sa wa haƙori hula, haƙorin Makka zai tuna, wato kwanson zinariya ko azurfa da ake sakawa a kan haƙori daga waje. Wancan aiki ne na bayan haƙori, wannan kuwa a can ƙasan kogo ake yin sa, kuma bayan an gama babu abin da ake gani sai ciko. Turawa ma gadon kalmar suka yi daga zamanin da hular ta gaske ce. A 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin Sarki Frederick na Biyu na Purushiya, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, ya bayyana yadda ake kifa ɗan guntun zinariya mai lanƙwasa a kan jijiyar da ta buɗe kafin a cike haƙorin. Abin da ake sawa a yau magani ne mai kama da kwaɓi, wanda ake dannawa ya manne da wurin, don haka babu dalilin da zai sa mu gaji sunan da aikin ya riga ya wuce.

Rufin ɓargo yana da daɗin faɗa, amma ku gwada rubuta shi a wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya, za ku ga ya koma rufin bargo, abin da ake yi da hunturu. Kare ɓargo ma haka yake, domin a rubuce ba a raba shi da ƙarewa, balle a zo ga dabbar. Garkuwa kuma ta riga ta sami gurbi a garkuwar jiki, kuma a 'yan shekarun nan ta ɗauki wata ma'anar mai ɗaci da ba a son jin ta a kujerar likita. Toshewa tana nuna cusa abu cikin rami da ƙarfi, kuma wannan shi ya fi dacewa da ciko na yau da kullum.

Abin da ya sa na tsaya a kan liƙi shi ne binciken da Kakehashi da Stanley da Fitzgerald suka wallafa a Amurka a 1965. Sun ɓula haƙoran ɓeraye iri biyu har zuwa ɓargo, waɗansu na yau da kullum, waɗansu kuma an rene su a wurin da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, sannan suka bar ramukan a buɗe. Ɓargon ɓerayen yau da kullum ya mutu ya yi mugunya, na ɗaya rukunin kuwa ya warke har ya gina sabon ƙashi a bakin ramin, duk da abincin da ke cushewa a ciki. Ma'anar wannan ita ce ƙwayoyin cuta ne ke kashe ɓargo, kuma nasarar aikin ta rataya ne a kan hana su sake shiga. Liƙi a Hausa shi ne abin da ake yi wa tukunyar da ta ɓule ko kwanon ɗakin da ke yoyo, kuma wanda ya ce an liƙe wuri yana nufin ko iska ba za ta shiga ba. Murfi ana ɗagawa a mayar, liƙi kuwa idan ya ɓalle aikin ya lalace, kuma haka lamarin yake a haƙori. Na san akwai liƙin kuɗi a wajen biki, amma ba na jin wani zai ruɗe da zarar an ambaci ɓargo.

Magungunan da ake amfani da su ma suna ƙarfafa wannan zaɓi. Wanda ya daɗe yana aiki shi ne kalsiyam haidiroksaid, wanda Bajamushe Hermann ya shigo da shi aikin haƙori a 1920. Yana da ƙarfin kashe ƙwayoyin cuta kuma yana zaburar da ɓargo ya gina bango, sai dai yana narkewa a hankali, bangon da ake samu a ƙarƙashinsa kuma yakan zo da 'yan ƙofofi. A farkon shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad da abokan aikinsa a Jami'ar Loma Linda ta Kalifoniya suka samar da MTA, garin da asalinsa dangin simintin gini ne da aka tace, wanda yake daskarewa ko da akwai danshi kuma yake manne wa ƙashin haƙori sosai. Daga baya kamfanin Septodont na Faransa ya fito da Biodentine, mai saurin daskarewa. Fifikon waɗannan sababbin a kan na da ya zo ne musamman daga kyawun mannewarsu, wato sun fi iya liƙi. Saboda wannan dalilin ne kuma likita mai kula yake keɓe haƙorin da shimfiɗar roba kafin ya fara, domin yawu kansa cike yake da ƙwayoyin cuta.

Aikin iri biyu ne, kuma sunan da muka zaɓa ya kamata ya iya ɗaukar su duka. Idan ɓargon ya buɗe har an ga ɗigon jini, ana wanke wurin, a tsayar da jinin, a ɗora maganin a kan naman kansa, wannan sai mu ce liƙin kai-tsaye. Idan kuwa likita ya ga cewa ƙara kankara zai ɓula ɗakin, sai ya bar ɗan siririn ƙashi a kan ɓargon ya sa maganin a bisansa, wannan kuma ina ba da shawarar a ce liƙi mai shamaki. Wani malami ya kawo liƙin bayan fage, amma bayan fage yana ɗauke da warin ɓoye-ɓoye, shamaki kuwa yana faɗin ainihin abin da ke tsakanin magani da nama.

Akwai abin da masu fassara takardun wayar da kai ya kamata su riƙa haɗawa da kalmar duk inda suka rubuta ta, wato ba kowane haƙori mai ciwo ake yi wa liƙi ba. Wanda ke jin tsami idan ya sha ruwan sanyi, zafin kuma ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi, yana cikin waɗanda ake sa ran aikin zai yi musu amfani. Wanda ciwon ke tayar da shi cikin dare ba tare da ya ci komai ba, ko dasashinsa ya kumbura, ko jinin ɓargon ya ƙi tsayawa bayan 'yan mintoci, to kumburin ya yi nisa, sai a yanke ɓangaren ɓargon ko a kwashe shi duka. Bayan liƙi kuma ana buƙatar komawa bayan watanni a gwada haƙorin da sanyi a ɗauki hotonsa, domin ɓargo yana iya mutuwa shiru ba tare da ciwo ba.

Gwajin ƙarshe ga kowace sabuwar kalma shi ne a sa ta a bakin likita yana magana da dattijo a ga ko za ta zauna. Ga yadda nake jin ta: "Baba, ruɓar ta kai kusa da ɓargon haƙorin, amma ɓargon yana da rai, don haka ba za mu cire ba, za mu share mu yi masa liƙi, sannan mu cike. Idan ya dame ku da dare, ku dawo kafin ranar da muka sa." Ina roƙon 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato su gwada wannan jimlar da karin harshensu su faɗa mana yadda ta sauka, musamman a wuraren da ake cewa haure a maimakon haƙori.