Neman kalma: me za mu kira DSLR da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon hoto a Tudun Wada, nan Kaduna, da yara biyu da nake koya wa sana'ar. Jiya ƙaramin ya ce min, "Oga, wai mene ne ma'anar DSLR ɗin nan da kake ta faɗa?" Abin ya tsaya min a rai, don yaro ba ya riƙe aiki da kyau sai ya ji sunansa da harshen da yake tunani da shi.

Sai na kwance gilashin gaban kyamarata, DSLR ƙirar Nikon D7100, na ce ya leƙa. Ga ɗan madubi nan a kishingiɗe, bai fi faɗin kan sarki ba. Haske yana shigowa ya buge shi, ya haura sama, ya fito ta ramin da kake ɗora ido. Kana danna maɓalli madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya yaye, hasken ya sauka kan sensa, wato ɗan abin da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, madubin ya dawo. Wannan ƙarar "ƙwas" da ake ji a wajen biki, yawancinta tashinsa ne da saukarsa. Don haka na kawo shawara: kyamara mai madubi. Sababbin da suka fito babu shi kuwa, marar madubi.

Na ga amsoshinku, na gode. Wata malamar Hausa ta rubuto: "Malam, a bakin mutanenmu tabarau ma madubin ido ne. In ka ce mai madubi, wani zai ɗauka gilashin gaba kake nufi, alhali kowace kyamara tana da shi." Gaskiyarki, Malama, ban hango wannan ba. Wani dattijo da ya yi aiki tun zamanin fim ya ƙara da cewa, "Ɗana, mu ido muke ce wa gilashin gaban. Ka bar masa ido, madubi ya tsaya a kan na ciki." Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓa.

Wani kuma ya ce a kira ta mai ƙiftawa, tunda ramin leƙen yakan yi duhu kamar ƙiftawar ido lokacin ɗauka. Kalmar ta yi min daɗi a kunne, amma labulen ma ƙiftawa yake yi, kuma yawancin marasa madubin suna da shi. Ba za ta raba su ba.

Abin da ya sa na nace sai sunan ya ambaci madubi shi ne, daga gare shi ƙarfin kyamarar da rauninta suka fito. Leƙen da kake yi ta madubi kusan ba ya cin batir, don abin da ke gabanka kake gani kai tsaye, ba hoton allo ba. D7100, wadda ta fito a 2013, tana iya kai ka daga ɗaurin aure har zaman dare da caji guda. Wanda ya san halin wutarmu ya san darajar wannan. Amma shi dai madubin ne ya sa ta kauri da nauyi, wuyanka zai gaya maka da yamma. Ƙararsa kuma ita ce ke sa mutane waiwayowa a masallaci ana tsakiyar addu'a.

Ita wannan tawa ta tsakiya ce, ba ta 'yan koyo ba, ba ta manyan ƙwararru ba. Matsakaiciya ta wadatar, ba sai an yi taro a kai ba. Megafiksel 24 gare ta, da gurbin katin ajiye hoto biyu, ɗaya na ajiye kwafin ɗaya, abin da ke sa ka yi barci da hoton amarya a hannunka. Sai dai sensarta ƙarama ce, milimita 23.5 da 15.6, ba 36 da 24 irin na manyan ba, shi ya sa ido mai milimita 50 yake matse wuri kamar mai 75 a kan manyan. A ɗakin amarya da aka cika da jere, za ka ja da baya har ka jingina da kabet, ƙawaye biyu na gefe ba su shigo ba. A wasan folo na Murtala Square kuma, tana ɗaukar hoto shida a daƙiƙa, amma in ɗanyen hoto kake ɗauka, wato wanda kyamara ba ta sarrafa ba, sai ta shaƙe bayan 'yan kaɗan, doki ya wuce kana jira. Ga hunturu: ka sauya ido a waje, ƙura ta shiga, ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama.

To, na tsaya a kan wannan: kyamara mai madubin ciki, kishiyarta marar madubin ciki, gilashin gaba kuma ido. Da safen nan na ce wa yaron ya miƙo min mai madubin ciki, ya ɗauko ta bai tambaya ba.

Saura sensa. Ni allon haske na so, Baba ya ce faranti. Malama, ke muke jira.