Neman shawara: an yi mini tayin jerin adireshin likitocin fata, in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sashen talla na wani ƙaramin kamfani da ke sayar da damatoskof, madubin nan mai fitila da likitan fata ke ɗorawa a kan tawadar Allah ko wani tabo, ya ƙara masa girma kamar sau 10 don a ga ko akwai alamar ciwon daji, wato kansa. Muna kuma koyar da yadda ake aiki da shi. Kayanmu masu kyau ne, amma isa ga likitocin ya zame mini aiki. In na kira asibiti, a bakin mai karɓar waya nake tsayawa.

Makon jiya wani dillalin bayanai ya yi mini tayin jerin sunayen likitocin fata na ƙasashe daban-daban, har da imel da lambar waya da adireshin asibitin kowa, kuma ya ce duk an tantance. Maigidana yana so mu saya mu tura wa kowa saƙo a rana guda. Ni dai hankalina bai kwanta ba, sai dai ba ni da hujjar da zan ba shi. Duk wanda ya san wannan harka ya taimaka mini, don aikina ya rataya a kan sakamakon nan.

Wani mai kula da imel na kamfanoni:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da ka tambaya kafin ka biya. Wannan shawarar ta turawa a rana guda ita ce mafi haɗari a duk maganar. Likitoci suna sauya wurin aiki, wasu su yi ritaya, don haka duk jerin da ya kwana biyu cike yake da adireshin da suka mutu. Saƙo zai riƙa dawowa, kamfanonin imel kuma suna lura da hakan. Akwai ma abin da ya fi wannan muni: adireshin tarko. Tsohon adireshi ne da aka daina amfani da shi, ko wanda aka ƙirƙira da gangan, masu yaƙi da saƙonnin banza suka ajiye shi don kama masu tura imel ba izini. Ka faɗa cikin guda ɗaya, ana iya saka sunan kamfaninku a baƙin littafi.

Na ga yadda hakan ya faru da wani kamfani da na yi wa aiki. Ba tallan kaɗai ya daina isa ba, har takardar neman biya da suke tura wa tsofaffin abokan cinikinsu ta koma faɗawa kwandon shara. Mun ɗauki makonni muna gyara.

Tun watan Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu tura saƙo da yawa. A wajen Gmail, wanda ke tura kimanin 5,000 a rana dole ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato shaidar cewa saƙon daga gare shi yake da gaske, ya sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya, kuma masu kai ƙarar saƙonsa a matsayin na banza kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari. Mutum 3 ke nan cikin 1,000. Mailchimp kuwa, kamfanin da ake tura imel na talla ta hanyarsa, ƙa'idarsu ta hana ɗora jerin da aka saya, suna iya rufe maka asusu.

Wata mai aikin shari'a:

Malam, tunda ka ce ƙasashe daban-daban, to doka ma daban-daban ce. A Amurka dokar CAN-SPAM ta 2003 ba ta wajabta neman izini kafin tura talla ba, amma ta hana taken saƙo na yaudara, ta ce a sa adireshin gidan waya na kamfani, kuma wanda ya ce a cire shi a cire shi cikin kwanaki 10 na aiki. Kanada ta fi zafi: dokarta ta CASL da ta fara aiki a 2014 tana buƙatar yardar mai karɓa. A Tarayyar Turai akwai GDPR, dokar kare bayanan mutane, tun 25 ga Mayun 2018, tararta na iya kai wa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara. Imel mai ɗauke da sunan likita bayanin mutum ne ko da na wurin aiki ne, kuma in ka samo shi daga hannun wani, dole ka sanar da mai shi inda ka samo cikin wata guda.

Ka tambayi dillalin a rubuce: ina ya samo sunayen, yaushe, kuma me likitocin suka amince da shi? Tantancewar da yake faɗa sau da yawa ma'anarta adireshin yana karɓar saƙo ne kawai, ba wai mai shi ya yarda a yi masa talla ba.

Wani tsohon wakilin kayan asibiti:

Ni ba zan ce jeri ba shi da amfani kwata-kwata ba. Na yi aiki da shi shekaru, amma a matsayin taswira. Da shi nake sanin wane asibiti ke da likitan fata, sannan in bincika da kaina. A Amurka ma rajistar NPI, wato lambar shaidar ma'aikatan lafiya, a buɗe take kyauta, tana nuna fannin likita da adireshin wurin aikinsa, don haka wani abin da ake sayar maka daga can aka kwaso shi. Kuma ka yi hankali da kyauta: dokar Sunshine ta 2010 a can ta sa kamfanonin magani da na'urori bayyana abin da suke bai wa likitoci, ana wallafawa a shafin gwamnati na Open Payments.

Wata likitar fata:

Ɗana, bari in gaya maka yadda abin yake a wajenmu. Ina buɗe imel ne tsakanin fitar mara lafiya da shigowar wani, yatsana na kan gogewa. Saƙon da ya fara da "Ya kai likita mai daraja" ba na kai wa layi na biyu.

Kuskuren masu jeri shi ne ɗaukarmu abu ɗaya. Akwai likitan fatar yara, akwai mai tiyatar Mohs da ke yanke kansar fata sala-sala yana dubawa a madubin gwaji, akwai wanda aikinsa karanta samfurin fata ne a ɗakin gwaji, akwai mai harkar gyaran fata da leza. Ni yinina a kan kirci da makero da ƙurajen fuska yake ƙarewa, amma kullum tallan na'urar cire gashi ake turo mini.

Da za ka rubuto mini, abin da nake son gani shi ne: na'urar taku tana da hasken da ke ratsa saman fata ba sai an shafa ruwa ba, ko dole sai an manna ta da fatar? Tana haɗuwa da waya a ɗauki hoto? Yaya hoton yake fita a baƙar fata? In ta lalace wa zai gyara, cikin kwana nawa? Wadda nake amfani da ita yanzu, wakilin ya bar mini ita na gwada mako biyu. Ranar da na ɗora ta a kan wani baƙin tabo a tafin ƙafar wani dattijo na ga layukansa sarai, ranar na yanke shawara.

Abu na ƙarshe, a babban asibiti ba ni ke saye ba. Ina ba da shawara, sashen sayayya ya yanke. Mai karɓar wayar da kake ganin ta tare maka hanya, ita ta san ranar da nake da sarari. Ka san sunanta, ka gaishe ta da mutunci.

Mai kula da imel ya ƙara:

Maganar Dakta ta buɗe maka ƙofa. Kuna da horo, to da shi za ku gina naku jerin. Ku shirya gajeren darasi ta intanet kan gane melanoma, wato wata kansar fata mai haɗari, da damatoskof, ku nemi ƙungiyar likitocin fata ta sanar da membobinta, ko ku kama rumfa a taronsu na shekara. Duk wanda ya yi rajista ya zaɓi ko yana son saƙonku, ku ajiye shaidar ranar da ya yarda.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tura wa dillalin tambayoyin nan uku da Barista ta faɗa, ya amsa biyu ya tsallake ta yarda. Na nuna wa maigidana amsar tasa tare da batun kashi 0.3, ya amince mu dakatar da sayen. Dakta, in ba damuwa, zan turo miki tsarin darasin ki duba kafin mu kai wa ƙungiyar.

Likitar fata:

Turo, ɗana. Kada ya wuce minti 40, kuma ka tabbata hotunan sun haɗa da na baƙar fata da na tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, don nan ne ake yawan makara wajen ganewa.