Jagoran ɗalibin masta da digiri na uku: nema ake yi ko naɗawa?

Malam na Gwale: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ke ta yawo tsakanin masu karatun digiri na biyu da na uku a garin nan, wai kowane sashe na jami'a ya riƙa haɗa kowane ɗalibi da jagora a rubuce, ƙari a kan sufabaiza, wato malamin da ke duba kundin bincikensa, don kada a bar mata da masu buƙata ta musamman a baya. Ni dai ban yarda ba. Ubangida nemansa ake yi, da ladabi da naci da yawan sintiri, har malami ya ga alheri tattare da kai ya ja ka a jiki. Ku dubi Kantin Kwari. Babu wanda ke rubuta wa attajiri takarda ya ce ga yaronka. Yaro ne ke zuwa ya yi shara, ya ɗauki dila, a gwada amanarsa shekara da shekaru, sannan a yaye shi da jari.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam, Malam. Sintirin nan da kake faɗa, a ina ake yin sa, kuma da wane lokaci? A ofis ne bayan la'asar idan kowa ya watse, ko a majalisa bayan magariba, ko a motar malam in za a je taro Zariya. A nan ake faɗa wa ɗalibi wace mujalla ce ta gaske, wacce ce ta masu karɓar kuɗi su buga komai, yaushe ake buɗe neman tallafin bincike, wa zai rubuta maka wasiƙar shaida. Ni matar aure ce, ina koyarwa da safe, ina da yara. Ba zan zauna ni kaɗai a ofishin namiji bayan an tashi aiki ba, shi ma malamin mai mutunci ba zai so ba, saboda bakin mutane. Makina ba su gaza na mazan ajinmu ba, amma su sun fita da maƙala biyu-biyu da sunan farfesa a kai, ni na fita da kundi kawai. Rashin naci ne ya jawo min?

Ɗan Fagge: Anti, ƙorafinki gaskiya ne, amma maganin da ake kawowa ne nake shakka. Malaman nan sun riga sun nutse. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata 8 ya ci, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ga na 2020 kafin shi, ɗalibai suka taru rukuni kan rukuni. Mutumin da babinka ke yin watanni a teburinsa bai duba ba, in aka ƙara masa wasu sunaye, sa hannu kawai zai yi a fom a ƙarshen zango.

Ɗan Tudun Maliki: Ku ba ni dama, ni makaho ne, ina masta a fannin ilimi. A watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, aka ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Tun 2017 kuma JAMB ta kafa kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Alhamdu lillahi, ƙofar shiga ta buɗu. Amma da ka kai matakin bincike sai ka ga kai kaɗai ne. Ana turo mana takardun karatu a hoto, manhajar da ke karanta min rubutu da murya kuwa ba ta karanta hoto yadda ya kamata. Na kai babi, an dawo min da shi an yi gyara da jan biro a kan takarda. Sai na nemi wanda zai zauna ya karanta min, wani lokaci da kuɗina, wani lokaci ma ya kasa gane rubutun hannun. Ba mugunta malamin ya yi min ba, bai taɓa duba aikin makaho ba ne, kuma babu wanda ya ce masa ya yi gyaran a cikin kwamfuta. Malam na Gwale, in na yi sintiri sau dubu zuwa hawa na uku, wannan ba zai canza ba. Ina buƙatar mutum guda da aka ɗora wa alhakin ya tambaye ni me ke tare min hanya.

Malama Dakta: Ni ina koyarwa, kuma ina duba ɗalibai, don haka zan faɗi abin da nake gani daga wannan ɓangaren. Sufabaiza yana riƙe da makinka da ranar kare kundinka. Ɗaliba ba za ta iya ce masa tana da juna biyu tana tunanin ajiye karatun ba, ɗalibi ba zai iya ce masa shi fa ba ya sha'awar koyarwa ba. Shi ya sa ake son wani daban wanda ba shi da iko a kan sakamako.

Batun cewa naɗa jagora baƙon abu ne a wurinmu kuwa, ban yarda ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa zaure ba, ba ta ce su yi naci ba. Naɗa jajis ta yi, tana ba kowace malfa alamar naɗi, su shiga ƙauyuka su koyar da mata, su kawo mata tambayoyinsu. Tsarin 'Yan Taru ke nan. A zamanin nan ma akwai shirin AWARD da aka fara a 2008 a Nairobi don mata masu binciken noma: ana haɗa kowace da babban masani su riƙa ganawa a kai a kai bisa manufa da suka rubuta tare, daga baya ita ma ta ɗauki wata ƙanwa ta raina. Wannan ne amsar Ɗan Fagge. Ba sai farfesa ba. Ɗan digiri na uku zai iya jan 'yan masta uku ko huɗu, a zauna rukuni, a lokacin aiki, ƙofa a buɗe. Abin da kawai ba na goyon baya shi ne a ce mace sai mace, domin mu manyan malamai mata ba mu da yawa, nauyin duka kanmu zai faɗo.

Injiniya: Duk kuna magana kamar kowa malamin jami'a zai zama. Guraben nawa ne? Kuɗin ƙaro karatu na TETFund ma, wato asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, wanda ba ya cikinsu da aljihunsa yake karatu, kuma waje zai nemi abinci. A 2023 gwamnatin Kano ta sanar da tura ɗalibai 1,001 karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, irin su Indiya da Uganda. In irin waɗannan suka dawo, wa zai nuna musu hanyar masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, ko yadda ake neman rajistar NAFDAC in mutum yana so ya mayar da bincikensa kayan sayarwa? Malamin da bai taɓa aiki wajen aji ba, hanyar aji zai nuna maka. Mu da ke waje a kira mu, a ba mu ɗalibai.

Ɗan Fagge: Wannan kam na karɓa. Akwai kuma baƙi. Cibiyar binciken noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero tana karɓar ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta. Ɗan Maraɗin da ya yi digirinsa da Faransanci, majalisar wa ya sani a Kano?

Malam na Gwale: Ɗan'uwa na Tudun Maliki, maganarka ta shige ni, kuma babu musu a kanta. Amma har yanzu ina kan bakana a abu guda. Amana da ƙauna tsakanin malami da ɗalibi takarda ba ta haifar da su. Ina tsoron ɗalibi ya ɗauki abin haƙƙinsa ne, ya daina girmama wanda ke ba shi lokacinsa kyauta.

Maman Ummi: Ladabinmu na nan, Malam. A haɗa mu tukuna, in jini bai haɗu ba a ba da damar sauyawa bayan zango ɗaya.

Malama Dakta: To mu gwada da kanmu kafin mu kai wa kowane sashe. Asabar ta farkon kowane wata, ƙarfe 10 na safe zuwa azahar. Ni zan ɗauki rubutun maƙala da zaɓen mujalla, Injiniya ya ɗauki neman aiki da masana'antu. Mai goyo ta zo da goyonta.

Malam na Gwale: Zan zo in sha Allahu, zan ma ɗauki masu matsalar nassin Larabci. Amma bayan shekara zan tambaya mutum nawa ne har yanzu suke ganawa da wanda aka haɗa su.

Ɗan Tudun Maliki: Ranki ya daɗe, a samu ɗaki a ƙasa saboda wata 'yar'uwa da zan gayyato mai keken guragu. Sanarwar wurin kuma a turo ta a rubuce, kada a yi hotonta.